Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Hannun Gem Zai Yi Aiki da Kwamfutar Zamani?

Tambayarmu ta wannan karon daga Illela ta fito, Illelar jahar Tawa da ake ratsewa daga Badagishiri a shiga, ba takwararta ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Birnin Ƙonni ba. Mai tambayar matashi ne ɗan makaranta. Ya ce wansa ya taɓa riƙe gidan gem a Ƙonni, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin, da sana'ar ta tsaya sai aka tattara kayan cikin buhu aka kawo gida. Na'urorin duk sun mutu, amma hannuwan suna nan: biyu na PlayStation 2, ɗaya mai tambarin Sega, da wasu biyu na gem ɗin nan mai kaset rawaya, har da bindigarsa ta harbin agwagwa. Yanzu ya samu kwamfutar cinya ta hannu, yana son ya san ko hannuwan za su yi aiki da ita. Ya ƙara da cewa wani mai gyaran waya ya ba shi shawarar a yanke kan kowane hannu, a liƙa masa kan USB da dalma. Shi ne yake tambayarmu ko ya miƙa a yanke.

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, kuma ka yi hankali da ka tambaya tun almakashi bai taɓa waya ba. Hannuwanka za su yi aiki, bindigar ce kawai ba za ta yi ba. Amma kada ka bari a yanke ko ɗaya. Zauna in gaya maka dalili.

In ka feɗe wayar USB za ka tarar da siraran wayoyi huɗu a ciki. Ja tana kawo wuta bolt 5, baƙa ita ce hanyar komawar wutar, koriya da fara kuma su ne na saƙo. Da zarar ka soka wani abu a bakin USB, kwamfuta ba ta karɓarsa haka nan. Sai ta aika masa tambayoyi ta wayoyin saƙon nan biyu: kai wane ne, wane kamfani ya yi ka, aikin me kake yi, madanni nawa gare ka? Dole abin ya amsa bisa ƙa'idar da kamfanonin kwamfuta suka shimfiɗa tun da USB ya fito a 1996. A cikin ƙa'idar akwai sashen da aka ware wa kayan da hannun mutum ke taɓawa, irin su kibod da maus da hannun gem, ana ce masa HID. Duk abin da ya iya amsawa da wannan sashe, Windows na karɓarsa nan take ba sai an sa masa wata manhaja ba.

Hannun PlayStation bai san da wannan ƙa'ida ba. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation na farko a Japan a watan Disamban 1994, USB bai ma zo ba tukuna, kuma da PlayStation 2 ya fito a shekarar 2000 bai sauya kan hannun ba. Ɗauko naka ka duba: kai ne shimfiɗaɗɗe mai tsinke tara, an raba su uku-uku. Ɗaya na ɗaukar umarni daga na'ura zuwa hannu, ɗaya na mayar da amsa, ɗaya na ba da bugun lokaci don su biyun su tafi tare, ɗaya na gaya wa hannu cewa da shi ake magana yanzu. Akwai na wutar ƙwaƙwalwar hannun, wajen bolt uku da rabi, akwai kuma na wutar injin girgiza, sama da bolt bakwai. To ka ga, ta ina za a haɗa waɗannan da wayoyi huɗu? Ko da an liƙa su da kyau, kwamfuta za ta yi tambaya ta ji shiru, kuma bolt 5 na iya illata ƙwaƙwalwar da ba a yi ta don shi ba.

Kada ka ga laifin mai gyaran. Dabararsa tana ci a kan wayar caja da ta maus da ta kibod, domin su ciki da waje duk USB ne, kai kawai ke lalacewa. Akwai ma hannun gem guda da take ci a kansa, na Xbox na farko da Microsoft ya fitar a 2001, wanda a ciki USB ne aka sauya masa siffar kai. Ina jin daga irin wannan ne maganar ta yaɗu har aka ɗauka kowane hannu haka yake.

Abin da kake bukata shi ne adafta, wato ɗan akwati mai baki biyu, ɗaya na tsohon hannu ɗaya na USB. Ka san yadda ake ciniki a karar dabbobi in Buzu ya sauko daga Azawak da raƙuminsa, mai saye kuma ya taso daga kudancin Najeriya. Zaunar da su a tabarma ɗaya ba ya ƙulla ciniki, sai an samu dillalin da ke jin bakin kowannensu. Aikin adafta ke nan. A cikinta akwai ɗan baƙin guntu, abin da masu gyara ke kira aisi, wanda ke yi wa hannun tambaya irin yadda tsohuwar na'urarsa ta saba yi masa, ya karɓi amsa, ya juya ta zuwa ƙa'idar HID ya miƙa wa kwamfuta. Shi ya sa kowane gidan hannu da tasa adaftar, kuma sanin gidan da hannunka ya fito shi ne rabin aikin.

Na PlayStation 2 su suka fi sauƙi, domin an sayar da wannan na'ura fiye da miliyan 150 a duniya kafin Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013, saboda haka adaftarta ta cika kasuwa. Wadda aka fi gani 'yar ƙarama ce, sau da yawa shuɗiya, mai baki biyu, ta yadda hannuwanka biyu za su shiga lokaci guda ku buga da abokinka. Ka fara tambaya a rumfunan kayan waya na Ƙonni. In babu, masu zuwa Sakkwato ko Maraɗi za su iya taho maka da ita, balle Kano, inda kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan titin Beirut suke.

A nan fa akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. In ka aiki mutum ka ce masa adaftar PS2 zuwa USB, yana iya dawo maka da wata waya mai reshe biyu, kowane reshe da zagayayyen baki, ɗaya shunayya ɗaya kore. Wannan ta tsohon kibod da tsohon maus ce. Sunanta PS/2, daga wata kwamfuta da kamfanin IBM ya fitar a 1987, ba ta da wata alaƙa da PlayStation sai kamar suna. Mai shago bai cuce ka ba, abin da aka ambata ya bayar. Maganin abin shi ne ka ɗauki hoton kan hannunka ka tura wa ɗan aiken ta WhatsApp, ya nuna wa mai shago da idonsa. In kuwa da kanka za ka je, tafi da hannun da kwamfutar, a gwada a gabanka kafin ka biya, domin hannuwan PlayStation na jabu sun yi yawa a kasuwanninmu, kuma wata adaftar takan karɓi na asali ta ƙi na jabu.

Ga yadda ake gwajin. Soka adaftar, ka danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai buɗe. Rubuta joy.cpl a ciki ka danna Enter. Ko da kwamfutarka da Faransanci take magana, kamar yawancin na Nijar, wannan kalma ba ta sauyawa. Za ka ga sunan hannun ya bayyana. Shiga cikinsa za ka ga jerin ƙananan da'irori masu lamba, duk madannin da ka danna da'irarsa za ta kama haske. Sai ka juya sandunan nan biyu na babban yatsa. In ba su motsa komai ba, kada ka ce hannun ya mutu. Duba tsakiyarsa akwai ɗan madanni da aka rubuta ANALOG, danna shi jar fitila ta kama, sandunan za su farka. Girgiza kuwa sai ka sa 'yar manhajar da ke zuwa a faifai tare da adaftar, kuma ko ta yi ba za ta kai ƙarfin da ka sani ba, tunda bolt 5 kawai USB ke bayarwa.

Yanzu mu zo kan na Sega da na kaset rawaya, inda nake son ka natsu sosai. In ka jera kawunansu za ka ga iri ɗaya ne, rami tara a layi biyu, biyar sama huɗu ƙasa. Asalin amfani da wannan kai a hannun gem daga na'urar Atari 2600 ta 1977 ne, wadda sandarta ba ta da ƙwaƙwalwa ko kaɗan: sama, ƙasa, hagu, dama da harbi, kowanne da wayarsa. Da Sega ya fitar da Mega Drive a 1988 sai ya ari kan, amma madannansa sun fi wayoyin yawa. Sai ya sa ɗan aisi a ciki da waya guda ta zaɓi: in na'ura ta ba wayar wuta hannun ya faɗi halin rabin madannansa, in ta ɗauke ya faɗi na sauran.

Na kaset rawaya kuwa daga wani gida dabam suka fito. Kwaikwayo ne na na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda masana'antun Taiwan da na Sin suka yi ta bugawa da araha har ta shiga gidajen Afirka da wasanninta, su Super Mario da Contra da wasan tankokin yaƙi. Hannunta waya biyar kawai yake amfani da su. A kowace daƙiƙa, sau 50 ko 60, na'ura kan aiko masa da alama, sai aisin da ke ciki ya riƙe halin madannai takwas a daidai wannan lokaci, sa'an nan ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya ta waya guda: A, B, Select, Start, sama, ƙasa, hagu, dama. Masu kwaikwayon sun ɗora wannan tsari a kan kai mai rami tara don shi ya fi arha. Saboda haka hannun zai shiga adaftar Sega daram, amma ba zai yi aiki ba, wutar ma ba ta rami ɗaya take shigar musu ba. Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne wasu daga cikin na'urorin kwaikwayon an yi musu jiki irin na Sega ko na PlayStation, alhali cikinsu Famicom ne. In kana shakka, tambayi wanka irin kaset ɗin da na'urar ke ci. Baƙaƙen kaset masu wasan Sonic na Sega ne na gaskiya. Ƙananan rawaya masu alkawarin dubban wasanni a kaset ɗaya na gidan Nintendo ne, ko me aka rubuta a jikin hannun.

Adaftar Sega ana samunta, kamfanoni irin su Mayflash suna yi, sai dai ba kowane shago ke ajiye ta ba, wataƙila sai an yi maka odarta. Ta hannun kaset rawaya ta fi wuyar samu, domin adaftocin Nintendo da ke kasuwa yawanci na kai mai rami bakwai ne, irin na na'urar NES da aka sayar a Amurka daga 1985.

Wani gargaɗi kuma: a bayan tsofaffin kwamfutocin tebur, irin na ofisoshi, akwai baki mai tsinke tara da kan Sega zai shiga cif. Kada ka gwada. Wannan baki na wani tsohon tsarin aika saƙo ne da ke iya fitar da wuta har bolt 12. Wayar da ke mayar da shi USB, wadda masu aikin dish kan yi amfani da ita wajen sa wa dikoda manhaja, ita ma ba ta hannun gem ba ce.

To in adaftar ta gagara fa? A nan ne mai gyaran wayarka zai yi rana, domin ana iya haɗa ta da hannu. Akwai ƙananan alluna da ake koyar da ɗalibai da su, irin su Arduino Leonardo da Pro Micro, da Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 kan dala 4. Waɗannan suna iya gabatar da kansu ga kwamfuta a matsayin hannun gem. Masu sha'awa sun riga sun rubuta manhajar da ake zuba musu, suka sake ta kyauta a intanet, ɗaya daga ciki ana kiranta DaemonBite. Aikin mai dalma shi ne ya samo bakin da kan hannunka ke shiga, ko da daga matacciyar na'urar da ke cikin buhun ne, ya haɗa tsinkayensa da allon. Ka ga an samu biyan bukata ba a yanke komai ba, kuma matattun na'urorin ma sun yi amfani. In za ka sayi Arduino ka lura, samfurin Uno da ya fi yawa a kasuwa bai dace da wannan aiki kai tsaye ba. Ni da ina da ɗa mai sha'awar lantarki, da wannan aiki zan fara sa shi, domin a cikinsa zai koyi karatun taswirar waya da riƙon dalma da zuba manhaja gaba ɗaya.

Zan gaya maka gaskiya ta ɓangaren aljihu. In burinka kawai ka buga ƙwallo, akwai sababbin hannuwan USB masu siffar na PlayStation, irin su Ucom, da kuɗinsu bai yi nisa da na adafta ba. Amma in naka na asali ne na Sony, adaftar ta fi, domin robarsu da sandunansu sun fi na waɗancan ƙarko nesa ba kusa ba. Hannun da ya jure yaran gidan gem shekara da shekaru ya riga ya nuna ingancinsa.

Bayan kwamfuta ta ga hannu, saura wasa ya gan shi, kuma nan ma akan yi tuntuɓe. Windows na da hanya biyu ta sauraron hannun gem. Tsohuwar ita ce DirectInput, ita adaftoci masu araha ke bi. Sabuwar ita ce XInput, wadda ta zo da Xbox 360 a 2005, kuma yawancin sababbin wasanni ita kaɗai suke saurare. Shi ya sa za ka ga hannu na aiki lafiya a joy.cpl amma cikin wasa shiru, ko madannai su juye, ka danna fasin ɗan wasa ya buga shot. Wasannin ƙwallo na PES na kwamfuta suna zuwa da wani ɗan shiri mai suna Settings a cikin jakar wasan, buɗe shi ka zaɓi hannunka ka jera madannan yadda ka saba. Ga wasannin da suka ƙi, akwai manhajar kyauta x360ce da ke sa tsohon hannu ya bayyana kamar na Xbox.

In kuma tsofaffin wasannin kake marmari, ana buga su ta manhajar kwaikwayo, wato shirin da ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar tsohuwar na'ura. RetroArch na ɗaukar na Nintendo da na Sega da na PlayStation na farko, kuma ko kwamfuta mai rauni tana jan su. PCSX2 shi ne na PlayStation 2, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. In ka ga wasa yana jan ƙafa, ba laifin adafta ba ne. Ko mai araha takan kai saƙo sau 125 a daƙiƙa, ta fi saurin sauyawar hoton kansa. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, PES 6 na 2006 da aka yi don kwamfuta zai fi yi maka daɗi. Manhajojin kwaikwayon kyauta ne, wasannin kuwa haƙƙin kamfanoninsu ne, kuma ka yi hattara da abin da ake tura maka a filas, ta nan cutar kwamfuta ta fi shiga.

Kafin duk wannan, hannun da ya kwana cikin buhu ya sha ƙurar hunturun Adar yana bukatar wanka. Kwance kusoshin bayansa a kan farin ƙyalle don kada ƙanana su ɓace. Ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai baƙin ɗigo a tsakiya, wannan ɗigon shi ke taɓa allo ya haɗa wuta. Jiƙa auduga da ɗan alkol na kemis ka goge ɗigon da inda yake sauka, ka bari ya bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da kankarewa da reza. Na PlayStation 2 a cikinsa akwai wata siririyar leda mai zanen hanyoyin wuta, ka ɗaga ta a hankali domin in ta yage sai an sake wata. In hannu na aiki yana ɗaukewa duk lokacin da ka motsa, yawanci wayar ce ta karye daga ciki, daidai inda ta shiga jikinsa. Wannan kam aikin mai gyara ne: ya rage wurin da ya karye ya mayar da kowace waya mazauninta, launi bisa launi.

Saura bindiga. Ita ba harsashi take aikawa ba, haske take gani. A cikin bakinta akwai ɗan ido mai jin haske. In ka ja kunama, na'ura kan baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na ɗan ƙiftawa, sa'an nan ta zana farin murabba'i a inda agwagwar take. In idon ya ga duhu sa'an nan ya ga fari a daidai lokacin, ka samu. An gina dabarar ne a kan tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda ke zana hoto layi-layi a take ba jinkiri. Fuskar kwamfutar cinya da talabijin masu faɗi na yanzu sukan riƙe hoto na ɗan lokaci kafin su nuna shi, haskensu ma ba irin wanda idon ya sani ba ne, saboda haka babu adaftar da za ta gyara wannan. A manhajar kwaikwayo da maus ake harbin agwagwar. In kana son bindigar ta yi aiki, sai ka nemi tsohuwar talabijin da na'ura mai kaset rawaya da ke da rai, ka kuma duba cajarta ta bolt 220 ce kafin ka sa a wuta, domin wadda aka yi don Japan ko Amurka za ta ƙone nan take a wutar Nijar.